Akwatin Littafi a Ƙofar Gida: Me Ya Haɗa Shi da Tsadar Haya?

Mai tafiya a ƙasa a unguwannin Amurka da Kanada yakan ci karo da ɗan akwatin katako a kan turke, a bakin farfajiyar gida, da rufinsa kamar na ɗaki da ƙyaure mai gilashi. A ciki littattafai ne, ashirin zuwa arba'in. Babu kwaɗo, babu mai gadi, babu wanda zai rubuta sunanka. Ka ɗauki wanda ka ga dama, in kana da wani a gida ka kawo. Abin ya yi kama da randar ruwan da ake girkewa a ƙofar gida da moɗa a kai, mai wucewa ya sha ya yi gaba.

A 2025 ƙungiyar Little Free Library, wato ƙaramin laburare na kyauta, wadda sunanta ke manne a yawancin waɗannan akwatuna, ta sanar da cewa masu rajista sun kai 200,000 a ƙasashe sama da 120. Sai dai duk lokacin da aka yi irin wannan sanarwa, wata tsohuwar muhawara takan farfaɗo. Akwai ma'aikatan laburare da masana tsarin birane da ke cewa akwatunan ba sa kaiwa ga masu buƙatar littafi, kuma sun zama tutar unguwannin da masu hali ke ture talakawa daga cikinsu. Wanda ya ji wannan karon farko zai yi mamaki: ina ruwan kyautar littafi da kuɗin haya?

Daga allon tunawa da uwa zuwa tambarin kasuwanci

A 2009 wani mutum mai suna Todd Bol, a garin Hudson na jihar Wisconsin, ya ƙera akwati mai siffar makarantar ƙauye mai aji ɗaya don tunawa da mahaifiyarsa, wadda malamar makaranta ce. Ya cika shi da littattafai ya kafa a ƙofar gidansa. Rick Brooks na Jami'ar Wisconsin da ke Madison ya haɗa hannu da shi, suka fara ƙerawa suna rabawa. A 2012 abin ya zama ƙungiya mai rajista wadda ba ta neman riba. Burinsu na farko shi ne su zarce adadin laburare 2,509 da attajirin ƙarfe Andrew Carnegie ya ba da kuɗin ginawa, kuma a shekarar suka zarce. Bol ya rasu a 2018. Zuwa 2020 akwatunan sun kai 100,000.

Musayar littafi a kan titi ta girmi ƙungiyar. A Jamus da Ostiriya an san kabad ɗin littafi na jama'a tun shekarun 1990. A Ingila kamfanin waya na BT ya fara sayar wa ƙauyuka tsofaffin jajayen rumfunan tarho a kan fam ɗaya tun 2008, kuma da yawa sun koma ma'ajiyar littafi. Abin da Little Free Library ta ƙara shi ne suna mai rajista, allon shaida mai lamba, da taswirar duniya a intanet. Duk wanda ke son akwatinsa ya amsa wannan suna kuma ya fito a taswira, sai ya sayi allon, wanda a lokacin da sukar ta yi zafi yake kimanin dala 40. Wanda bai iya ƙira ba ya sayi akwatin daga shagon ƙungiyar, a kan ɗaruruwan daloli.

A 2019 batun tambarin ya jawo rigima har cikin gida. Ƙungiyar ta nemi faɗaɗa kariyar sunanta ta shafi akwatunan katako masu wurin ajiye littafi. Tony Bol, ɗan'uwan marigayin, ya fito ya ce wannan yunƙurin mallake abin da na kowa ne. Ƙungiyar ta ce manufarta ta hana 'yan kasuwar intanet cin riba da sunanta. A doka dai ba a hana kowa kafa akwatin littafi ba tare da rajista ba. Sunan ne kawai ba zai ɗauka ba.

Kalmomi biyu da muhawarar ta rataya a kansu

Ta farko ita ce abin da Turawa ke kira jentirifikeshan, wato mamayar masu hali. Wata masaniyar zamantakewa, Ruth Glass, ita ta ƙirƙiro kalmar a 1964 tana bayanin abin da ta gani a Landan: 'yan boko masu albashi mai tsoka suna sayen tsofaffin gidajen ma'aikata, su gyara, darajar layin ta tashi, har ya zama mazaunan asali ba sa iya zama. Abin ba ya faruwa rana ɗaya. Mai gida ya ga maƙwabci ya sayar da tsada, sai ya ƙara haya ko ya fitar da 'yan haya da sunan gyara. Harajin gida ya hau saboda ana lissafa shi ne a kan darajar gidan. Kantin kusurwa ya rufe, gidan shan kofi ya buɗe a wurin. Masanin labarin ƙasa Neil Smith ya bayyana injin abin a 1979 da cewa giɓi ne tsakanin kuɗin da fili ke kawowa yanzu da wanda zai iya kawowa in an gyara shi. Idan giɓin ya yi faɗi, jari yakan kwararo.

A lura cewa unguwar da dama can ta masu kuɗi ce daban take da unguwar da ake kan mamayewa. Masu muhawara kan akwatunan sukan cakuɗa biyun, kuma wannan cakuɗawar ita ce tushen rabin ruɗanin.

Ta biyu ita ce hamadar littafi, wato unguwar da yaro ba ya samun abin karantawa kusa da gida. Binciken Susan Neuman da Donna Celano na 2001 a Philadelphia shi aka fi ambata: a wata unguwar masu matsakaicin hali sun tarar da kusan littattafan yara 13 na sayarwa ga kowane yaro, a wata unguwar talakawa kuwa kusan littafi ɗaya ga yara 300. Ƙungiyar Little Free Library ta daɗe tana cewa wani ɓangare na aikinta shi ne shayar da irin wannan hamada. Da wannan ikirarin nata masu suka suka auna ta.

Abin da taswira ta nuna

A 2017 Jane Schmidt, ma'aikaciyar laburare a Jami'ar Ryerson da ke Toronto, da Jordan Hale na Jami'ar Toronto, suka wallafa maƙala a mujallar Journal of Radical Librarianship. Hanyar da suka bi mai sauƙi ce. Sun ɗauko wuraren akwatuna masu rajista a biranen Toronto da Calgary na Kanada, suka ɗora a kan taswirar ƙidayar jama'a mai nuna kuɗin shiga, matakin ilimi da launin fata, sannan suka ɗora wuraren laburaren gwamnati. Sai ga akwatunan sun taru a unguwannin da masu digiri suka yi yawa, farar fata suka rinjaya, kuma laburare na kusa. Unguwannin da suka fi buƙata kuwa, da ƙyar ake ganin ɗigo.

Daga nan suka yanke hukunci mai zafi. A ganinsu akwatin ya fi yi wa mai shi aiki: yana shaida wa masu wucewa cewa gidan nan na masu karatu ne, masu son jama'a. Suka ƙara da cewa ƙungiyar ta ɗauki al'adar da mutane ke yi don kansu ta saka mata tambari da farashi, kuma tana ƙarfafa tunanin cewa sadakar ɗaiɗaikun mutane za ta iya maye gurbin hidimar da ake yi da kuɗin haraji. Jaridu suka ɗauka, masu akwatuna suka fusata, ƙura ta tashi.

Toronto gari ne da irin wannan taswira ke da ma'ana a cikinsa. Binciken David Hulchanski, farfesa a Jami'ar Toronto, ya nuna cewa tsakanin 1970 da 2005 unguwannin masu matsakaicin hali sun ragu daga kashi 66 cikin ɗari zuwa 29, na masu ƙaramin ƙarfi kuma sun hau daga 19 zuwa 53. Masu hali sun tattaru a tsakiyar gari da gefen layin jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, talauci ya koma gefe, irin su Rexdale da Jane da Finch da sassan Scarborough. Tsofaffin unguwannin ma'aikata kamar Leslieville da Parkdale kuwa su ne aka yi ta sayewa.

Dalilin da akwati ke bin masu gida

Ba sai an zargi zuciyar kowa ba kafin a fahimci taswirar. A duba abin da kafa akwati ɗaya ke buƙata.

Na farko fili. Akwatin yana tsayawa ne a kan turken katako mai kauri inci huɗu kowane gefe, wanda ake binne kimanin ƙafa biyu nasa a ƙasa. A Amurka sai an kira lambar 811 an zo an nuna inda bututun gas da wayar lantarki suka bi kafin a sa shebur. Dole ramin ya kasance cikin filin mai gida, don ɗan zirin da ke tsakanin titi da hanyar masu tafiya a ƙasa galibi na hukumar gari ne. Ɗan haya ba ya haƙa rami a farfajiyar da ba tasa ba sai da yardar mai gida, wanda kuma zai fara tunanin inshora da wanda za a kama in wani ya yi tuntuɓe. Mazaunin bene hawa na goma sha huɗu ba shi da farfajiya kwata-kwata. A Toronto akwai dogayen benayen haya sama da dubu da aka gina bayan yaƙin duniya na biyu, kuma a cikinsu ne ɗimbin baƙi 'yan ci-rani da masu ƙaramin ƙarfi ke zaune. Tun daga nan taswirar akwati ta riga ta zama taswirar mallakar gida, ita kuma a Amurka tana da tarihin launin fata: tun shekarun 1930 ake shata wa unguwannin baƙaƙe jan layi a taswirar ba da rancen gida, kuma sai 1968 doka ta haramta wariya a harkar gidaje.

Na biyu masu wucewa. Akwati ba ya aiki a titin da kowa ke cikin mota. Yana son layi mai hanyar ƙafa, mai inuwa, inda ake fitowa da kare ko keken jariri. Irin wannan layi shi ne kuma masu sayen gida ke rububi a yau.

Na uku rarar littafi. Tsarin ɗauki ka ajiye yana tafiya ne inda gidaje ke da littattafan da suka gama da su. Inda babu rara, akwatin yakan wofinta cikin kwanaki kaɗan, wanda hakan shaida ce cewa ana buƙata, amma yana nufin sai wani ya riƙa sayowa ko roƙowa yana zubawa. A unguwar masu hali kuwa matsalar akasin haka ce: akwatin ya zama juji mai mutunci. Tsofaffin littattafan koyon kwamfuta, jagorar yawon buɗe ido na shekara ashirin da suka wuce, takardun wa'azi da na talla. Littattafan yara masu kyau su ne farkon ƙarewa kuma su ne ba sa dawowa.

Na huɗu lokaci. Mai kula da akwati yana leƙa shi aƙalla sau ɗaya a mako, ya fitar da shara, ya jera, ya share. Ruwa shi ne babban abokin gaba. In rufin bai zarce ƙyauren da 'yan inci ba, ko ba a toshe mahaɗar katakon ba, danshi ya shiga, takarda ta kumbura ta yi fumfuna, littafi ɗaya ya ɓata sauran. Maɗaurin ƙyaure yakan saki, iska ta buɗe shi cikin dare. Gilashi yakan fashe, shi ya sa aka fi sa roba mai kama da shi. Fenti yana son sabuntawa bayan 'yan shekaru. Akwai kuma masu zuwa da jaka su kwashe komai su kai kasuwar tsofaffin littattafai, abin da ya sa masu kula da yawa ke buga hatimi a bango mai cewa kyauta ne ba na sayarwa ba. Mai aiki biyu a rana ba shi da wannan sarari.

Hukuma ma takan shigo. A 2014 birnin Leawood na jihar Kansas ya umarci wani gida da ya cire akwatin ɗansu mai shekara tara saboda dokar da ta hana gini na daban a farfajiyar gaba. Labarin ya karaɗe ƙasa, majalisar gari ta janye. An yi makamancin haka a Shreveport ta Louisiana a 2015. Wanda ya san hanyar majalisa da 'yan jarida shi ke cin irin wannan shari'a.

Sanadi ne ko alama?

A nan ne ya kamata a yi taka-tsantsan. Taswirar Toronto da Calgary ta nuna inda akwatuna suke, ba ta nuna cewa su suka ƙara haya ba, kuma marubutan ma ba wannan suka auna ba. Abin da ke tayar da farashin unguwa ya fi ƙarfin katako da fenti: kuɗin ruwan banki, dokar da ke ƙayyade yawan gidajen da za a gina, sabon layin jirgi, kamfanonin da ke sayen gidajen haya da yawa lokaci guda. Akwati yakan iso ne bayan sababbin mazauna sun sauke kaya.

Amma alama ma tana da nata aiki. Dillalin gida yana sayar da yanayin unguwa tare da ɗakuna, kuma mai neman gida yana karanta layi da ido: lambun gaba, kekuna, gidan kofi, akwatin littafi. Ga wanda ya shekara talatin a layin kuwa, akwatin na iya zama ɗaya daga cikin abubuwan da ke gaya masa cewa unguwar ta canza hannu, musamman in littattafan ciki ba da harshensa ba ne kuma ba su shafi rayuwarsa ba. Wannan ji gaskiya ne ko da ba a iya sa shi a lissafi.

Binciken na 2017 yana da iyakoki da masu kare akwatunan suka nuna. Masu rajista kawai ya ƙirga, alhali wanda ba zai biya dala 40 ba shi ne zai kafa nasa ba tambari, don haka hanyar ƙirgar kanta ta karkata ga masu hali. Birane biyu ne, duka a Kanada. Kuma laburaren gwamnatin Toronto yana da rassa 100, saboda haka kusanci da laburare a can bai zama abin mamaki ba kamar yadda zai zama a ƙauyen Texas.

Rigimar suna

Abin da ya fi damun ma'aikatan laburare shi ne kalmar laburare kanta da ke cikin sunan akwatunan. Laburaren gwamnati ba tarin littafi ba ne kawai. Akwai ma'aikaci da ya koyi zaɓen littafi daidai da mutanen yankin, akwai kundin da za ka nemi takamaiman littafi a aiko maka daga wani reshe, akwai kwamfuta da intanet ga mai neman aiki, ajin koyon harshe ga baƙo, ɗaki mai ɗumi lokacin hunturu ga wanda ba shi da wurin zuwa. Carnegie da ake kwatanta akwatunan da shi bai ba da gini haka kawai ba. Sharaɗinsa shi ne gari ya ba da fili, ya kuma yi alkawarin kashe kwatankwacin kashi goma cikin ɗari na kuɗin ginin duk shekara daga haraji don gudanar da shi. Akwati ba ya ɗora wa hukuma ko sisi.

Tsoron bai fito daga iska ba. A 2011 an yi ta cece-kuce a Toronto kan rage rassan laburare. A 2016 lardin Newfoundland na Kanada ya shirya rufe laburare 54 daga cikin 95 kafin ya ja da baya. A 2017, shekarar da maƙalar ta fito, gwamnatin lardin Saskatchewan ta zaftare kusan dalar Kanada miliyan 4.8 daga kasafin laburare, ta mayar bayan zanga-zanga. A Birtaniya kusan rassa 800 aka rufe tsakanin 2010 da 2019. Misalin da masu suka suka fi kawowa shi ne ƙaramin garin Vinton a Texas, wanda ya shirya kafa akwatuna biyar bayan laburaren birnin El Paso da ke kusa da shi ya sa wa waɗanda ba mazauna birnin ba kuɗin shiga dala 50. Mai goyon baya zai ce ai gara akwati biyar da babu. Mai suka zai ce akwati biyar sun ba shugabanni abin nunawa a hoto. Misali ɗaya dai bai isa ya tabbatar da cewa akwatuna na jawo rufe laburare ba.

Abin da ɗaya ɓangaren ke cewa

Ƙungiyar ta sha nanata cewa ba kishiyar laburare ba ce, kuma laburaren gwamnati da makarantu da yawa su da kansu suke kafa akwatunan a wuraren shaƙatawa da tashoshin bas. Masu kula da akwatuna kuma sukan ce an auna su da ma'aunin da ba nasu ba: su maƙwabci suke nema su sani, kuma akwati ya sa mutanen da suka shekara ba gaisuwa sun tsaya sun yi magana. Akwati a buɗe yake tsakar dare, ba ya neman katin shaida ko adireshi, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga marar gida ko marar takardun zama. A Detroit wani gangami da aka fara a 2014 ya sa burin kafa akwatuna 313, wato lambar wayar birnin, da gangan a unguwanni da makarantun da ke da ƙarancin littafi.

Ita ma ƙungiyar ta matsa zuwa inda aka soke ta. Tana da shirin ba da akwati da littattafai kyauta ga yankunan da suka rasa, da wani na al'ummomin 'yan asalin ƙasar, sannan a 2020, bayan kisan George Floyd a Minneapolis, ta fara shirin Read in Color na rarraba littattafan da ke ɗauke da rayuwar baƙaƙe da sauran tsiraru. Masu suka suna amsawa da cewa waɗannan kaɗan ne in an gwada da ɗimbin akwatunan da masu gida ke saya da kuɗinsu su kafa inda suke zaune.

Yadda abin ke taɓa mutane

Ga ɗan hayar da ke fargabar sabunta yarjejeniya, cire akwatin maƙwabci ba zai rage masa ko dala ɗaya ba. Abin da zai taɓa shi yana cikin dokar ƙayyade ƙarin haya da dokar korar ɗan haya da sunan gyara. Ga yaron da ke hamadar littafi kuwa, amfanin akwati ya dogara da abubuwa uku: yana kan hanyarsa ta kullum, akwai littafin shekarunsa da harshensa a ciki, kuma akwai mai sake cikawa bayan watan farko. Shi ya sa masu aikin yaɗa karatu suka fi son zauren shiga benen haya, shagon wanki na jama'a, shagon aski, ɗakin jiran asibiti da ƙofar makaranta a kan farfajiyar gida. A irin waɗannan wurare ma ba a buƙatar turke ko rufi, kanta ɗaya ta isa, kuma ruwan sama ba ya kaiwa.

Inda abin ya fi haɗari shi ne zauren majalisar gari lokacin kasafi. Reshen laburare yana cin albashi, wuta, ɗumama ɗaki da sayen littafi duk shekara, akwati kuwa sau ɗaya ake biya. Idan aka rage awannin reshe aka kafa akwatuna a madadinsa, mai mota zai tuƙa zuwa babban laburare na tsakiyar gari. Wanda ke zuwa reshen da ƙafa don ya cike takardar neman aiki a kwamfuta shi zai tarar da ƙofa a rufe ranar Asabar.